Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi



Akwai wata al'ada da ta shigo duniyar adabi da fasaha, kullum kuma sai ƙara karɓuwa take yi, mun ga ya kamata mu zauna mu tattauna ta tun ba ta fi ƙarfinmu ba. Al'adar kuwa ita ce ta masaukin masu fasaha, wato a ɗauko marubuci, ko mai zane, ko mawaƙi, ko mai ɗaukar hoto daga garinsu, a kai shi wani gari a sauke shi na mako huɗu ko shida, a ɗauke masa ci da sha da wurin kwana, a ce ya natsu ya yi aikinsa. A ƙasar nan akwai masaukin Ebedi a garin Iseyin na Jihar Oyo, wanda Dokta Wale Okediran, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ya buɗe a 2010. Akwai wanda Yinka Shonibare ya buɗe a Legas a 2022, akwai kuma na mai zanen nan Kehinde Wiley a Dakar ta ƙasar Sanigal tun 2019. Ba da waɗannan muke ba, ba mu kuma da ja da manufar. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin kammala babi guda a ɗakin da yara ke kuka, ga mai gidan haya na ƙwanƙwasa ƙofa, ya san darajar wata ɗaya na kwanciyar hankali.

Inda gizo ke saƙa shi ne wata kalma da masu shirya irin wannan zama ba su rabuwa da ita a takardunsu, wato "haɗin gwiwa". Sai ka ji an ce baƙo zai yi haɗin gwiwa da masu fasahar gari. Kalma ce mai daɗin ji. To amma sau da yawa idan aka tashi daga zaman, sai a tarar gwiwar ɗan gari ce ta goge a ƙasa, baƙo kuwa ya tafi da kaya da suna baki ɗaya. Hujjarmu a wannan maƙala guda ɗaya ce: duk aikin da mutum biyu suka yi, aka buga shi da sunan mutum ɗaya, cikin harshen da ɗayan ba ya ji, aka kuma kai shi inda ɗayan ba zai taɓa gani ba, to a daina kiransa haɗin gwiwa, a kira shi da sunansa na gaskiya, wato ci da gumin wani.

Mu da muke wannan rubutu mutanen bakin Kwara ne, daga ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda kogin ya baro Jamhuriyar Nijar da Binin ya shigo Nijeriya. Wanda ya san Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya ya san cewa wuri ne da harsuna ke cuɗanya. A kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, ka ji Busanci da Kyanganci, ka kuma ji Faransancin waɗanda suka yi makaranta a tsallake. Naira da sefa a aljihu ɗaya suke kwana. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyarsu ta 1898 ta raba dangi gida biyu, amma ba ta raba waƙar masunta ba, ba ta raba kiɗan biki ba. Ko lokacin da gwamnati ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafa aka tsare, ba a tsare tatsuniya ba. Irin wannan wuri kuwa shi ne abin da baƙin fasaha ke mafarki.

Sun kuwa taɓa zuwa. Wata shekara wata ƙungiya, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, ta kawo wasu baƙi wani gari na bakin ruwa, suka yi mako biyu. Waɗansunmu ne suka yi musu tafinta da jagora. Muka kai su wurin wani dattijo Basarke, wanda ya gaji waƙoƙin su da kirarin kogi daga mahaifinsa. Kwana da kwanaki tsohon nan yana barin komarsa, yana zama a gindin bishiya yana rera musu, yana warware musu ma'anar kowane ɗango, mu kuma muna juyawa zuwa Turanci har muryarmu ta dushe. Ranar tafiya aka ba shi abin goro, aka ɗauki hoto, aka yi musafaha. Bayan an kwana biyu sai ga ɗan littafi mai ƙyalli ya fito a birni. Waƙoƙin tsoho ne daga farko har ƙarshe, an sake musu tufafi. A bango sunayen baƙi ne. A shafin ƙarshe, cikin ƙananan baƙaƙe, aka yi godiya ga "mutanen gari masu karamci". Ko kwafi ɗaya bai iso garin ba, wanda muka gani ma a hannun wani abokinmu muka gan shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwo sabo ne. Tare da shi aka haifi rubutun boko na Hausa. A 1855 Heinrich Barth ya koma Turai tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama shi bauta tun yana yaro. A Ingila wani limamin mishan mai suna James Frederick Schön ya ajiye shi a gidansa, ya yi ta kwasar Hausa daga bakinsa: tatsuniyoyi, da labarin rayuwarsa, da abin da idonsa ya gani a ƙasar Turawa. Da wannan taimako Schön ya fitar da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Mutumin da bai taɓa taka Kano ko Katsina ba ya zama gwanin Hausa a idon Turai, ya sami lambar yabo a Faransa, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Gaskiya ne ya ambaci Dorugu a cikin littafin, amma bango nasa ne. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, kuma sai a 1971 ne Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fito da labarinsa a littafin da ya ba shi matsayinsa na mai labari. Shekara 59 bayan an binne shi! Yau ɗalibai nawa ne a sassan Hausa na jami'o'inmu suke lissafa Dorugu cikin marubutan zube na farko?

To amma tarihi bai bar mu da misali ɗaya ba, kuma adalci ya sa mu kawo na biyu. Bayan gasar ƙaga labarai ta 1933 da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, an sami littafi na biyar, Jiki Magayi, wanda East ya rubuta tare da John Tafida. Sunayen biyu ne a bango, har gobe kuma haka ake buga shi. Sa'an nan a 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina aka kawo shi Zariya na wata shida, aka sauke shi, aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa da na Indiya, aka ce ya rubuta. Idan wannan ba masaukin marubuci ba ne, to mene ne? Abin da ya fito daga zaman shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Ba mu ce babu hannun East a ciki ba. Shi ya zaɓo littattafan, shi ya duba, shi ke da wuƙa da nama a hukumar, kuma zamanin mulkin mallaka ne, ba a yi zaman tsara da tsara ba. Duk da haka a lura da abu uku. Sunan Imam ne a bango. Da Hausa aka rubuta. Kuma hannun 'ya'yan Hausawa littafin ya faɗa, a makarantunsu, har jikokinsu. Abin kunya ne ƙwarai a ce abin da Baturen mulkin mallaka ya iya kiyayewa a 1936, ƙungiyoyin da ke kiran kansu masu raya al'adu sun kasa kiyaye shi a yau.

Haka nan a garin Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanen Ladi Kwali, tun kafin ta shiga makarantar a 1954, wato gwana ce tun bai zo ba. Ta koyi aikin na'urar juya yumɓu da gashin wuta mai ƙarfi a wurinsa, shi kuma ya ƙaru da zanenta na gargajiyar Gwari. Abin da ya cece ta daga zama "wata mata mai tukwane" ɗan ƙaramin hatimi ne mai ɗauke da baƙaƙen sunanta, wanda ake bugawa a gindin tukunya. Da wannan hatimi duniya ta san ta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Hatimi ɗaya! Shi ne abin da aka hana tsohonmu Basarke.

Misali na ƙarshe ta kan ruwanmu ya wuce. Tsakanin 1946 da 1947 wani Bafaranshe, Jean Rouch, da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinsa har teku, ka ga ke nan sun ratsa ƙasarmu. Rouch ya shafe rayuwarsa yana shirya finafinai a Nijar, kuma labarinsa fuska biyu gare shi. Ta fuska ɗaya, Oumarou Ganda, wanda ya fito a fim ɗinsa na 1958 da aka ɗauka a Abijan, bai tsaya a matsayin ɗan wasan wani ba. Ya ɗauki kyamara da kansa ya ba da labarin zamansa na soja da bakinsa a fim ɗin Cabascabo, a 1972 kuma ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu. Sembene Usman na Sanigal ma ya taɓa gaya wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon mutanen Afirka ne kamar masu nazarin ƙwari. Ta ɗaya fuskar kuwa, Rouch ya yi abota ta shekaru da dama da Damouré Zika, ɗan masunta, da Lam Ibrahim Dia, har da suka shirya fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet a 1974 sai suka gutsuro farkon sunayensu suka haɗa suna ɗaya, Dalarou, suka ce shi ne mai fim. A kula, Da ne a gaba, La na biye, Rou na Bature shi ne a ƙarshe. Wannan shi ne haɗin gwiwa, kuma ba a mako biyu aka gina shi ba.

Mun san abin da za a ce mana, don mun sha ji. Za a ce ai baƙo ne ya kawo kuɗi da na'ura, ba don shi ba da waƙar ta bi tsoho kabari. Muna amsawa da cewa wanda ya kawo buhu bai zama mai hatsi ba. A biya shi ladan buhunsa, a yaba masa, amma kada ya ce shi ya yi noman. Za a kuma ce ai adabin baka na kowa ne, ba shi da mai shi, mutanen karkara ba su damu da suna ba. Wannan magana ta wanda bai taɓa sauraron makaɗi ba ce. Wane mawaƙin Hausa ne ba ya ambaton kansa, da ubansa, da wanda ya koya masa, a tsakiyar waƙa? Wane sha'iri ne na dā ba ya rufe waƙarsa da sunansa da ramzin shekara? Mu da muke ƙasar Gwandu ba ma bukatar wani ya koya mana wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu, kowa da abin da ya karanta a gabansa. Al'adarmu ce ka faɗi inda ka ɗebo ruwa. Wanda ya ɓoye malaminsa, a wurinmu, albarkar karatunsa ya zubar.

Akwai kuma masu cewa muna korar baƙi, alhali baƙonka annabinka. Allah ya kiyaye. Mu da muka tashi muka ga fatoma na sauke fatake, yana ba su ɗaki, yana nemo musu masu saye, yana tsaya musu idan ciniki ya rikice, mu ne za a koya wa karɓar baƙo? Amma fatoma yana da la'adarsa, kowa ya san ta tun kafin a kwance kaya, ba a kuma taɓa jin falken da ya sayar da gidan fatoma ya tafi da kuɗin ba. Baƙo muna so, domin idonsa na ganin abin da sabo ya rufe mana. Sai dai baƙo ko da ido makaho ne, da ɗan gari kan ci gari.

Yanzu bari mu juyo gida, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. 'Yan'uwa, mu ma baƙi ne a wani wuri. Marubucin da ya taso daga Kano ko Kaduna ko Sakkwato ko Birnin Kebbi, ya zo Illo ya yi kwana uku, ya cika littafinsa da tarihin da tsofaffi suka ba shi, ya koma ya buga da sunansa shi kaɗai, da me ya fi Schön? Ɗalibin da ya zauna gaban makaɗi wata guda ya rubuta kundin digiri, ya zama dokta, bai taɓa komawa ya ce wa makaɗin ga abin da na rubuta a kanka ba, me za mu kira shi? Har ma akwai abin da ya fi wannan nauyi. A ƙasar Bagudo Hausa ce babban harshe, kuma Kyangawa da yawa sun bar harshensu sun koma Hausa. Idan muka kwashe tatsuniyar Bakyange muka mai da ita Hausa, muka shafe inda ta fito, to abin da muke kuka Turanci na yi mana shi muke yi wa maƙwabcinmu. Ba zai yiwu mu yi ta ƙorafi a kan gardin Turai ba, alhali mu ma da sandarmu da takunkuminmu a hannu.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu, da rassanta na jihohi, da ta tsayar da ƙa'ida tun yanzu, domin ba a fafa gora ranar tafiya. Duk wanda zai kawo baƙin fasaha, ko daga Landan suke ko daga Kano, kuma yana neman hannun 'ya'yan ƙungiya, to ya amince da waɗannan sharuɗɗa a rubuce.

Na farko, a yi maganar suna da ta kuɗi kafin a fara aiki, a gaban shaidu, cikin harshen da ɗan gari ke ji. Wanda ya ba da waƙa ko labari ko zane, sunansa ya hau inda na baƙo ya hau, da baƙaƙe masu girma ɗaya. Tafinta ma a ambace shi, domin fassara aiki ce.

Na biyu, a bambanta abin goro da haƙƙi. Goro na gaisuwa ne. Idan aikin ya kawo riba, ko kyauta, ko gayyata zuwa wani taro, to ɗan gari na da kasonsa. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan, tun ta 1988 har zuwa sabuwar ta 2022, ta san da aikin tarayya, kuma alhakin ƙungiya ne ta wayar da kan mutanenta a kan wannan.

Na uku, aikin ya fito cikin harshen da aka ɗebo shi, ko da za a jera shi da Turanci ko Faransanci. A kuma fara nuna shi a garin da aka yi shi, a dandali ko a makaranta ko a ƙofar fada, kafin a kai shi birni. Kwafin littafi da na muryar da aka naɗa su zauna a garin.

Na huɗu, ɗan gari na da ikon cewa a'a. Akwai kirarin da ba a yi sai a kan ruwa, akwai sirrin sana'a da ba na sayarwa ba. Abin da mai shi ya ce kada a buga, kada a buga.

Na biyar, hanya ta zama mai zuwa da komowa. Idan baƙo ya kwana wata guda a Lolo, to a nemi yadda ɗan Lolo zai kwana wata guda a garin baƙon, ya yi nasa aikin, shi ma a yi masa tafinta. Ziyarar da kullum ƙafa ɗaya ke yi ba zumunci ba ce.

Daga ƙarshe muna cewa, me zai hana mu kafa namu masaukin? Ba sai da bene ba. Ɗaki biyu a bakin Kwara, da tabarma, da fitila, da mai dafa tuwo, sun isa a sauke marubuci daga Zariya da mawaƙi daga Malanbil ko Gaya, a haɗa su da masunta da makaɗa da masaƙan gari a kan waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya sauke baƙo shi ke faɗin dokar gida. Muddin kuwa muna jiran wasu su kawo baƙi su kuma kawo doka, to za mu ci gaba da zama "mutanen gari masu karamci" a shafin ƙarshe.

Ga matasa masu sha'awar rubutu kuma, waɗanda su aka fi ɗauka aikin jagora da tafinta saboda ɗan Turancinsu, muna ba ku shawara: ku karɓi baƙo hannu biyu, ku koyi duk abin da za ku iya koya a wurinsa, amma ranar farko ku tambaye shi, cikin ladabi, sunan wa zai hau bango. Baƙon kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Wanda ya ji haushi kuwa, ya riga ya ba ku amsa.

Tsohon nan Basarke ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Bai ga littafin ba, bai ma san an yi shi ba. Mu da muka kai baƙi ƙofarsa, muka yi shiru ba mu tambaya ba, muna da namu kason na alhakin, shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Wanda ke da ja, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ga fili ga mai doki. Allah ya sa mu gyara. Wassalam.